Taron masu nakasa: rabon keke ne, ko mayar musu da akalar rayuwarsu?

Duk shekara idan 3 ga Disamba ta zagayo, wato ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa masu nakasa tun 1992, sai ka ga soshiyal midiya ta cika da hotunan taro, an jera kekunan guragu sababbi fil, manyan baƙi a tsaye a baya suna murmushi, a jikin ƙyallen da aka rataya kuma an rubuta cewa manufar taron ita ce "a dama da kowa" da "dogaro da kai". Daga nan sai gardama ta ɓarke. Wasu su ce Allah ya saka wa masu shiryawa, wasu su ce asara ce kawai gara a raba wa mutanen kuɗin da aka kashe, wasu kuma su yi tambayar da na fi jin tana yawo: wai tsakani da Allah mutumin da ko riga ba ya iya sa wa kansa, ta yaya za a ce ya dogara da kansa? Ba takura ba ce a ce masa haka?

Masu wannan tambayar yawanci tausayi ne ke sa su, ban ga laifinsu ba. Sai dai akwai kuskuren fahimta a gindinta, kuma shi ne ke sa taruka da yawa a yi su a watse ba su tsinana wa mutanen da aka taru dominsu komai ba.

Me ake nufi da kalmomin nan biyu

Mu fara da wadda ta fi rikita mutane. Idan masu fafutukar haƙƙin nakasassu suka ce mutum ya yi rayuwar kansa, ba suna nufin a janye masa hannu ba ne, a bar shi ya yi wanka da girki shi kaɗai a ɗaki. Maganar ita ce waye ke yanke hukunci. Ƙarfe nawa zai kwanta, wane kaya zai sa, ina zai zauna kuma da wa, zai je ɗaurin auren abokinsa ko ba zai je ba, kuɗinsa a hannun wa suke, wa zai taɓa jikinsa lokacin da ake taimaka masa. Mutum zai iya buƙatar a ɗaga shi daga gado sau biyu kullum amma akalar rayuwarsa na hannunsa, wani kuma yana tafiya da ƙafafunsa daram amma ko fita ƙofar gida sai an ba shi izini saboda kurma ne an ce "ba zai iya ba". Shi ya sa ni na fi son a ce cin gashin kai a kan a ce dogaro da kai, don kalma ta biyun tana sa mai sauraro ya ɗauka neman taimako kasawa ce. Wanene a cikinmu ma ba ya dogara da wani? Mai gani da ido ma ai ba shi ke gyara motar da yake hawa ba.

Wannan ma'anar tana rubuce a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa, wadda aka amince da ita ranar 13 ga Disamba 2006 ta fara aiki a watan Mayu 2008, kuma ƙasashe sama da 180 sun rungume ta. Sashe na 19 ya kawo abubuwa uku: mutum ya zaɓi inda zai zauna da wanda zai zauna da shi ba tare da an tilasta masa wani tsari ba, ya samu taimakon da yake buƙata a gida da cikin al'umma har da mataimaki na musamman, sannan abubuwan da aka tanada wa kowa da kowa, makaranta, asibiti, mota, filin wasa, su zama shi ma yana iya amfani da su.

Ita kuwa damawa da su, ta wuce a gayyace su su zauna a layin gaba. Idan ka gayyaci kurma taro na awa uku ba tafintan maganar hannu, ka kawo jikinsa ne kawai ka ajiye, shi mutumin yana waje. Damawa ita ce a gyara wurin da tsarin ta yadda zai ji abin da ake faɗa, ya mayar da martani, ya ƙi amincewa idan bai yarda ba, ya tsaya takarar shugabancin kwamitin idan ya ga dama.

A bayan duk wannan akwai wani sauyin tunani da ya faro a Birtaniya a shekarun 1970, lokacin da wasu masu nakasa suka bambanta larurar da ke jikin mutum da shingen da al'umma ta gina masa. Ƙafar da shan inna ta shanye larura ce, amma matakala goma a ƙofar banki wani ne ya zana ta, wani ya biya kuɗin gina ta, kuma ita ce ta hana mutumin shiga. Wani malamin jami'a mai suna Mike Oliver, shi ma a keke yake, shi ne ya yayata wannan fahimtar a 1983. Da zarar ka kalli abin ta nan, tambayar taro tana sauyawa daga "me za mu ba su" zuwa "me muka gina da ke hana su".

Daga ina abin ya samo asali

Masu nakasar ne da kansu suka fara shi, kuma wannan ne mutane da yawa ba su sani ba. A Amurka akwai wani Ed Roberts da shan inna ta kama yana ɗan shekara 14 a 1953, ta shanye masa jiki daga wuya zuwa ƙasa, har numfashi ma sai da taimakon wata ƙatuwar na'urar ƙarfe da yake kwana a ciki. A 1962 ya shiga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ɗakunan kwanan ɗalibai ba su iya ɗaukar na'urar ba sai aka sauke shi a asibitin makarantar. Wasu ɗalibai masu irin larurarsa suka biyo baya, suka haɗa kai, suka fara nemo wa juna mataimaka da gidajen haya da mai gyaran keke, suka matsa wa hukumar gari ta sassare bakin titi ta yadda keke zai iya hawa da sauka. A 1972 aka buɗe cibiyar cin gashin kai ta farko a Berkeley, masu nakasa ne ke tafiyar da ita. Abin da ke taɓa ni a labarinsa shi ne hukumar gyaran nakasa ta jihar Kalifoniya da ta taɓa cewa larurarsa ta yi tsanani ba zai iya aiki ba, daga baya shi ne gwamnan jihar ya naɗa ya shugabance ta.

Sai Judy Heumann, wata Ba'amurkiya mai keke, wadda aka hana ta shiga makaranta tana ƙarama wai kekenta hatsari ne idan gobara ta tashi, daga baya aka hana ta lasisin koyarwa a New York har sai da ta kai ƙara ta yi nasara. A watan Afrilu 1977 tana cikin waɗanda suka jagoranci mutane sama da 100 suka mamaye wani ginin gwamnatin tarayya a San Francisco kusan mako huɗu, suna neman a sa hannu a ƙa'idojin wata doka ta hana wariya da aka yi ta jan ƙafa a kanta tun 1973. Ka tsaya ka hango wurin: mutane na kwana a ƙasa, wasu ba magungunansu, makaho na tura mai keke, mai keke na karanta wa makaho takarda, da aka katse musu layin waya sai kurame suka riƙa tsayawa a taga suna aika saƙo da maganar hannu ga 'yan uwansu da ke waje, ƙungiyoyin ƙwadago da na addini da 'yan fafutukar baƙar fata na kawo musu abinci. An sa hannu ranar 28 ga watan. Wannan ma ai taron al'umma ne, kuma ya bar abin da ya dore.

A matakin duniya kuma, a 1980 an yi wani babban taron ƙwararru kan gyaran nakasa a Winnipeg ta Kanada, masu nakasar da suka halarta suka nemi a ba su kaso mai tsoka a cikin masu yanke shawara aka ƙi, sai suka ware suka kafa tasu ƙungiyar ta duniya a Singapore a 1981. Taken nan da ake yawan rubutawa a ƙyallen taro, cewa kada a yanke komai a kanmu ba tare da mu ba, daga irin wannan gwagwarmayar ya fito.

To me ya haɗa taro da wannan

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3 ne ke da nakasa mai tsanani, kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya kenan, kusan mutum ɗaya cikin shida. To ka tambayi kanka, a wurin aikinka ko ajinku ko filin ƙwallo mutum ɗaya cikin shida ne? Ina sauran suke? Suna gida. Kuma zaman gidan nan shi ne babbar cutar, ya fi larurar kanta ciwo a wajen mutane da yawa, domin wanda ba ya fita ba ya jin labarin aiki, ba ya haɗuwa da wanda zai aura, bai san akwai wani haƙƙi da doka ta ba shi ba, a hankali shi ma sai ya yarda cewa shi kaya ne. Hukumar ta ce hatsarin kamuwa da ciwon damuwa ya ninka sau biyu a wajen masu nakasa.

Taro mai kyau yana fasa wannan kaɗaicin, kuma mafi tsadar abin da ke cikinsa shi ne haɗuwar masu larura iri ɗaya. Matashin da ya yi hatsari laka ta taɓu wata shida da suka wuce, likita zai gaya masa ya riƙa juya jiki don kada gyambon kwanciya ya kama shi, amma wanda ya shekara goma sha biyar a keke ne zai nuna masa yadda ake zamewa daga gado zuwa keke ba tare da an ɗauke shi ba, da yadda ake tsara shan ruwa da shiga banɗaki kafin doguwar tafiya, da amsar tambayar da yake jin kunyar yi wa kowa, wato zai iya aure kuwa? Uwar da aka ce mata ɗanta kurma ne, ranar da ta ga babban kurma malami da matarsa da 'ya'yansu suna hira da hannu suna dariya, wallahi abin da ya sauka daga ƙirjinta ba wani jawabi da zai sauke shi.

Gasar wasannin nakasassu ma haka ta faro. Likita Ludwig Guttmann ya shirya gasar harbin kibiya ga mutum 16 da suka ji rauni a laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila a 1948, ƙaramin taro a harabar asibiti, shi ne ya girma ya zama gasar nakasassu ta duniya da aka fara a Rum a 1960 da 'yan wasa kusan 400 daga ƙasashe 23.

Abin da na gani da idona

Na taɓa halartar wani taro da aka shirya don masu nakasa, kuma masu shiryawar mutanen kirki ne, na san sun wahala. Amma zauren a hawa na biyu yake ba lif. Na tsaya ina kallo samari huɗu suka ciccibi wata baiwar Allah da kekenta, ta riƙe hannun keken gam har jijiyoyin hannunta sun fito, ɗayan hannun tana jan mayafinta tana rufe ƙafafunta, kanta a sunkuye, mutane sun dare gefe biyu suna ta sannu sannu. Da aka raba ruwa ta karɓa ta ajiye a cinyarta ba ta buɗe ba. Da muka yi magana daga baya na tambaye ta ko azumi take, sai ta ce a'a, tun daren jiya ta daina shan ruwa saboda ta san banɗakin wurin kekenta ba zai shiga ba. Awa biyar ta yi a zaune ana jawabi a kan mutuncinta.

Tun ranar na daina auna taro da yawan mahalarta. Da an sa mutum ɗaya mai keke a kwamitin shiri, da kafin a biya kuɗin zaure ya ce wannan ba zai yi ba.

Shi kansa rabon keken akwai abin lura a ciki. Keke kamar takalmi ne, sai an auna. Wanda ya yi wa mutum faɗi ko ba shi da matashin zama mai kyau yana jawo gyambo, gyambon kuma yana kisa, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji tun 2008 cewa a duba mutum, a daidaita masa, a koya masa amfani da shi, a tanadi inda zai kai gyara. Buƙatar gaske ce fa, rahoton hukumar da UNICEF na 2022 ya ce mutum biliyan 2.5 na buƙatar kayan taimako irin su keke da tabarau da na'urar ji, kusan biliyan ɗaya kuma ba su samu. Don haka ba na cikin masu raina rabo. Ina dai cewa taron da ya kawo mai awo da mai gyara ya fi wanda ya kawo mai ɗaukar hoto amfani nesa ba kusa ba.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Iyaye su ne ɓangaren da ya kamata a saurara da kunnen basira. Uwar da ta shekara ashirin tana ɗawainiya da ɗanta mai jinkirin fahimta, idan aka ce mata a bar shi ya shiga mota shi kaɗai ko ya riƙe kuɗinsa, tsoro take ji, kuma tsoronta na da dalili, ta ga an cuce shi, ta ga an yi masa dariya, mata masu nakasa kuma sun fi fuskantar cin zarafi. Masu ra'ayin cin gashin kai suna amsawa da cewa kowane baligi yana da haƙƙin ya gwada ya faɗi ya tashi, kariyar da ta hana mutum komai ta zama kurkuku, sannan akwai tambayar da iyayen kansu ke kwana da ita: idan na mutu wa zai riƙe shi? Ni a ganina amsar wannan tambayar ita ce a fara koya masa tun suna raye, kaɗan kaɗan, da mutanen unguwa da suka san shi.

Akwai kuma masu cewa wannan tunanin na ƙasashe masu arziki ne inda kowa ke son zama shi kaɗai, a wuraren da dangi ke zama tare ba ya aiki. Suna da gaskiya ta wani gefe, domin a Sweden doka ta ba masu larura mai tsanani haƙƙin mataimaki da gwamnati ke biya tun 1994, Birtaniya ma ta yi dokar ba mutum kuɗin kulawarsa a hannu a 1996 ya ɗauki wanda yake so, yawancin ƙasashen duniya kuwa ba su da ko kusa da wannan. Amma sashe na 19 bai ce kowa ya bar gidan iyayensa ba, cewa ya yi ya zaɓa. Mutum zai iya zama a tsakiyar dangi ana shawara da shi a kan aurensa da gadonsa da sana'arsa, zai kuma iya zama a gida ɗaya ana yi masa komai ba a taɓa tambayarsa ba.

Su kansu masu nakasar ba bakinsu ɗaya ba. Wasu na ganin taron da aka keɓe musu wariya ce da aka yi wa kwalliya, gara a gyara tarukan kowa da kowa su shiga. Wasu kuma, musamman kurame, suna son wurin kansu, domin su a wajensu maganar hannu harshe ne cikakke, akwai irinta sama da 300 a duniya, kuma ranar da suka haɗu ce kaɗai ba sa jiran wani ya fassara musu. Duka biyun ana buƙata, ba sai an kashe ɗaya ba.

Maganar kuɗi

Hujjar da aka fi kawowa ita ce tsada. Wani abin yana da tsada kam, tafinta ƙwararre sai an biya shi haƙƙinsa, kuma taro mai tsawo mutum biyu yake so suna karɓar juna saboda gajiya. Amma da yawa shawara ce kawai aka makara ba a yi ba. Zaɓen zaure a ƙasa bai fi na sama tsada ba. Gangara a bakin ƙofa ƙa'idarta a wurare da yawa ita ce duk tsayin santimita 1 a ba shi tsawon santimita 12, wato matakala mai santimita 15 tana son gangara ta kusan mita 2, idan aka yi ta a tsaye kamar tsani ta zama hatsari. A tura wa makafi takardun taro ta waya tun kafin ranar yadda manhajar karatu za ta karanta musu, kada a tura hoton fosta don manhajar ba ta gane shi da kyau. Mai jawabi ya faɗi abin da ke kan allo da baki. A rubuta a takardar gayyata cewa wanda ke da wata buƙata ya faɗa. Sai sufuri, wanda shi ne ke hana mafi yawa zuwa, kuma shi ake mantawa a kasafi.

Abin da zai taɓa a rayuwar sauran jama'a

Gangarar bakin titin da su Ed Roberts suka yi faɗa a kanta, yau mai tura jariri da mai jan akwati da tsoho mai sanda duk ita suke bi. Rubutun da ke fitowa a ƙasan bidiyo don kurame aka yi shi, yanzu kowa na karantawa idan yana wuri mai hayaniya. Nakasa kuma ƙofarta a buɗe take ga kowa, hatsarin mota, shanyewar ɓarin jiki, ciwon suga da ke taɓa ido ko ƙafa, ko tsufa kawai.

A cikin gida ma lissafin a bayyane yake. Duk mai larurar da aka kulle a ɗaki akwai wani da aka kulle tare da shi, yawanci mace, uwa ko mata ko ƙanwa da aka cire daga makaranta don ta zauna da shi. Idan ya koyi fita da kansa, ko aka samu wasu da ke karɓar ta na awa biyu a mako, mutum biyu ne suka samu sarari.

Idan aka gayyace ka irin wannan taron, ko aka nemi gudummawarka, akwai abubuwan da za ka iya tambaya ba tare da ka ɓata wa kowa rai ba: masu nakasa nawa ne a kwamitin shiri kuma suna da ta cewa a kan kuɗi, wa zai riƙe makirfo, ta yaya mutane za su iso su koma, banɗakin fa. Sai kuma ka tambayi ranar haɗuwa ta gaba, ko an karɓi lambobin mutane, wa zai bi maganar gangarar asibitin da aka yi alkawari, wa zai kira matashin nan mai sabon keke bayan wata ɗaya ya ji ko tayar ta lalace.